Aminci Ta Je Osaka

Laraba, da safe

Aminci! Aminci 'yar Babanta! Ke nake kira, ko da yake na san ba ki jina. A can Japan yanzu dare ya yi muku, ku kullum kuna gaba da mu. A waya nake rubuta wannan, wurin nan da kika nuna min in riƙa sa kayan cefane. Ba tura miki zan yi ba. Bakina ne ya cika, ba ni da inda zan zuba.

Babanki yana asibiti tun jiya. To, na faɗa. Kalmar da likita ya faɗa ba zan rubuta ta ba, ba na son ganinta a wayata. Yana da rai, yana kallona, ya san ni. Hannun dama ne da baki. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Da kika kira jiya da yamma na ce miki yana layin tasi a filin jirgin sama na JFK. Allah ya yafe min. Ke kuwa sai zuba kike, wai ran Asabar za ku Osaka ke da abokanki, wai tun da kika je ƙauyen nan koyar da Turanci ba ki taɓa shiga babban birni ba, wai har kin sayi takalmi sabo. Ina tsaye a bakin ɗakin asibiti ina cewa madalla, madalla.

Laraba, da yamma

Hawawu maƙwabciyarmu ta shigo da kunu. Kin san ta da Hausarta ta Kumasi, ba ta kwana-kwana. Ta ce, Sista Dokas, kin gaya ma yarinya? Na ce a'a. Ta ce, ei! Uban shi ne fa!

Na ce Hawawu zauna. Mu ba a gaya wa mutum irin wannan ta waya. Lokacin da uwata ta kwanta a gida ina aiki a Kaduna, kawuna ne ya hau mota ya zo. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar kowa har da kajin gidan, sannan ya riƙe hannuna ya faɗa. Haka ake yi. Wanda za a gaya wa dole a sami babba kusa da shi da zai tare shi in ƙafarsa ta ƙi. Ke kina can ke kaɗai a ɗaki ɗaya, tsakanin duwatsu, ba mai jin yarenki. In na faɗa ta waya kika faɗi, wa zai ɗaga ki?

Hawawu ta ce yaran nan na Amerika ba haka suke so ba. Na ce ni na haife ta.

Alhamis, a cikin jirgin ƙasa, D tirein

Bari ki je Osaka tukuna. Ki samu yininki. Bayan nan in san yadda zan yi.

Jumma'a, da rana

Sun canza masa ɗaki. Da sauƙi.

Tsohuwar da nake kula da ita a wurin aiki ta ce min yau na sa mata gishiri a shayi. Ban musa ba.

Asabar, da safe

Kai Aminci! Na tashi na ga wayata ta cika da voice da hotuna kamar za ta fashe. Ashe mu muna barci ku har kun je kun dawo. Na ji na farko ina shafa mai. Wai kun fito tun gari bai waye ba, ke da 'yar Jamaikan nan mai dariya kamar janareta, da dogon Baturen nan, da Yumi malamar makarantarku da ta yi muku jagora. Wai jirgin ƙasa ya zo daidai lokacin da aka rubuta, kuma kowa ya yi layi a kan zanen da aka yi a ƙasa, ba mai ture wani. Na ce a raina to su zo tasharmu ta 167 da safe su gani.

Sai na tsaya. Ban ji sauran ba. Na ce tare da Babanki za mu ji, ɗaya-ɗaya, kullum ɗaya, kamar magani. Yini ɗaya kika yi, amma mu zai ishe mu kwanaki.

Asabar, da yamma

Na sa masa na jirgin. Ya rufe ido yana ji. Da kika yi dariya sai gefen bakinsa na hagu ya ɗaga. Na gani da idona, ba wanda zai ce min ƙarya ne.

Lahadi, bayan sujada

Zumuntar mata sun zo asibiti sun yi addu'a har nas ta leƙo ta ce mu rage murya. Na roƙe su kada kowa ya sa komai a waya, kada 'ya'yansu su ji, don na san ku duk kuna haɗe. Matar fasto ta kalle ni. Na tsani irin kallon nan.

Yau ƙaguwa muka kalla. Aminci, wannan ƙatuwar ƙaguwar da aka manna a jikin bene tana motsa ƙafafu, don Allah me ya sa? Don a ce ana sayar da abinci ne kawai? Kina tsaye a ƙarƙashinta kin ware hannu kina kwaikwayonta, mutane suna wucewa ba wanda ya ko kalle ki. Fitilu ta ko'ina da rana tsaka, ga rafi a tsakiyar gari da jirgin ruwa. Babanki ya yi wani sauti a maƙogwaro. Na firgita na kira nas. Ta duba shi ta ce, Mama, dariya yake yi.

Litinin, da safe

Kin tambaya ko Daddy ya ga hotunan. Na ce ya gani ya ji daɗi. Wannan kam ba ƙarya ba ne.

Litinin, da yamma

Na abincin nan. Wai kamar ƙosai, zagaye, ana juya shi da tsinke a cikin kasko mai ramuka irin tandar waina. Kin kai baki da zafinsa kika ƙone harshe, kina fifita baki kina Mommy, Mommy. Sai Yumi ta gaya miki abin da ke ciki, wani naman teku mai hannuwa takwas. 'Yar Jamaika ta tofar, ke kuwa kika ƙara. Ke da ba ki cin miyar kuka wai tana da santsi! Yarinyar da na yi ta bi da cokali a falon nan!

Kuma wai ba kwandon shara a titi, kowa ya sa shararsa a jaka ya kai gida. Kun yi yawo da robar abinci a jaka yini guda. To in kin dawo ki ci gaba da halin, ɗakinki yana nan yadda kika bar shi.

Talata

Yau ba daɗi. Bai ci ba. Ban sa masa komai ba.

Laraba, da rana

Na tasi.

Aminci, me ya sa kika yi min haka. Na danna ban sani ba. Sai ga fuskarki ta cika waya kina cewa wannan na Daddy ne, Mommy ki kauce. Wai kun hau tasi ba don kun gaji ba, don kawai Daddy ya gani. Kika nuna ƙofa tana buɗewa da kanta, direba bai ko motsa ba. Dattijo ne kamar Babanki, da farar safar hannu, da hula, kujeru da farin leshi kamar gadon amarya. Sitiyari a dama. Kika ce masa babana ma direban tasi ne a New York, Yumi ta fassara, sai dattijon ya juyo ya sunkuyar da kai a waya yana gaida Babanki.

Babanki ya ɗaga hannun hagu. A hankali, a hankali, har ya kai goshi. Ya amsa gaisuwar.

Ya yi ta buga yatsa a kan bargo in sake sawa. Na sake. Na sake. Har nas ta tsaya ta kalla, har mai shara. Kudus abokin aikinsa ya shigo ya tarar da mu, ya kalla ya ce, Oga Filimon, ka warke ka zo mu sayi safar hannu, amma ƙofar motarka ko da ƙafa sai an yi da gaske take buɗewa. Babanki ya harare shi. Hararar nan tasa ta da. Na fita waje na yi kukana na dawo.

Alhamis, da safe

Kin ce Daddy bai amsa na tasi ba. Kin ce Daddy ba ya ƙyale saƙonki, kullum sai ya turo voice mai tsawo yana tuƙi yana zagin masu keke. Na ɗauki wayarsa na tura miki babban yatsa. Kika rubuto, shi ke nan?

Ba zan iya ci gaba da wannan ba.

Alhamis, da yamma

Allah ya kawo hanya! Ashe Hawawu tana da wa a Japan, Sadick, yana sayen kayan mota yana turawa Tema, can ƙasarsu. Ya daɗe a can, mutum ne babba, yana da iyali, yana jin Hausa. Na ce Hawawu kina da wannan kika yi shiru? Ta ce Sista Dokas Japan ba unguwa ba ne. Muka kira shi. Ya ce, Mama, ni ina kusa da Tokyo, garin 'yarki kuwa sai na canza jirgi na canza na canza, yini guda ne. Na ce ɗana, in 'yarka ce fa? Sai ya ce ran Lahadi ba ya aiki.

Na koya masa yadda zai yi. Kada ka faɗa a bakin ƙofa. Ka shiga, ka zauna, ka nemi ruwa. Ka tambayi aikinta. Ka tabbata ta zauna. Sannan ka ce Baba ba shi da lafiya amma yana samun sauƙi. Ya ce matarsa za ta dafa wake da shinkafa irin nasu ya tafi da shi a kula. Na ce Allah ya yi maka albarka.

Hawawu ta ce a gaya ma yarinya baƙo yana zuwa. Na ce in na gaya miki za ki tambaye ni dalili, kuma kin san ni, in kika matsa zan fashe.

Jumma'a

Yau mun kalli gidan sarkinsu na da, fari da kore, ruwa ya kewaye shi. Dogon Baturen ya buga kai a ƙofa. Babanki ya ci rabin ayaba.

Asabar

Gobe. Na ji sanyi a raina yau, har na yi wanki.

Lahadi, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina ɗaura ɗankwali da sassafe wayarki ta shigo. Kina magana ƙasa-ƙasa. Mommy, akwai wani mutum a ƙofata, ban san shi ba, duhu ya yi, yana kiran sunana yana Hausa, na kira 'yan sanda. Ina jin muryar Sadick daga waje yana cewa, Aminci, Mamanki ya aiko ni, buɗe in sha ruwa.

Ni ce fa. Ni na koya miki tun kina 'yar mitsitsiya a gidan nan, ko wa ya buga, ko ya ce shi fasto ne, ko ya ce ni na aiko shi, kada ki buɗe. Na manta da wannan kwata-kwata. Kwana uku ina shiri ban tuna ba.

Na ce ki buɗe masa, ni na turo shi.

Kin taso kina ganin yadda muke zuwa gidajen mutane da safe mu zauna mu nemi ruwa. Kin san abin da ake aiko mutum ya faɗa.

Sautin da kika yi, Aminci. Ban taɓa jinsa ba, kuma ina roƙon Yesu kada in sake ji. Wayar ta faɗi. Ina ihu yana da rai, yana da rai, ba ki ji. Ina jin ki a ƙasa kina kiran Daddy. Ƙofa a kulle, Sadick a waje, ni a Bronx. Abin da na yi ta gudu kenan, na kai miki shi har ɗaki da hannuna.

Ban san tsawon lokacin ba. Hawawu ta ji ihuna ta shigo da hijabin sallah, ta kira Sadick, shi kuma ya sa baki a ramin wasiƙa na jikin ƙofarki yana ta faɗa, bai mutu ba, wallahi bai mutu ba, yana asibiti.

Kika ɗauki waya kika ce, nuna min shi. Ba ki ce Mommy ba.

Kudus ya kai ni asibiti. Na riƙe wa Babanki waya. Ya gan ki ya yi ta ƙoƙari, baki ya ƙi. Hawaye ta ido ɗaya. Ke da in an yi miki Hausa sai ki amsa da Turanci, sai kika ce, Baba, ina zuwa. Ka jira ni.

Sannan kika tambaye ni tun yaushe. Na faɗa. Kika ce, kenan ina cin abinci a Osaka yana kwance? Kika kashe.

Litinin

Ba ki ɗauka ba.

Talata, da safe

Hawawu ta ba ni labarin sauran. Ɗan sanda ya zo a kan keke, ya tarar da Sadick zaune a matakala da kula a cinya. Ya duba takardunsa, ya ce a buɗe kular, ya leƙa, ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Wata tsohuwa maƙwabciyarki ta fito da silifas, kika buɗe mata, ta shiga ta zauna da ke, ba ta jin Turanci, ta dai riƙe ki. Daga baya kika buɗe wa Sadick kika ba shi shayi. Jirgin ƙarshe ya wuce shi, a kan benci ya kwana a tasha.

Hawawu ta ce, ya ce a gaya miki ruwan dai ya sha. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, sai ta koma min wani abu.

Na kira shi na ba shi haƙuri. Ya ce, Mama, 'yarki ya cinye waken tas, yana kuka yana ci. Na ji daɗin wannan. Aƙalla kin ci.

Laraba

Kina kiran wayar Babanki kai tsaye yanzu, nas ce take riƙe masa. In na shigo cikin hoton sai ki ce sannu, ki ci gaba da magana da shi. Sannu. Kamar matar da kuka haɗu a bas.

Na gaya wa Babanki duk abin da na yi. Ya kalle ni ya daɗe. Ya ja kunnena da hannun hagu, ba da ƙarfi ba. Sannan bai saki hannuna ba har aka kawo abinci.

Alhamis, da rana

Akwai voice ɗaya da ya rage na Osaka, na hanyar dawowa. Na ji shi ni kaɗai a ɗakin wanki na ƙasa, inji yana juyawa. Kina raɗa don kowa ya yi barci a jirgin, takalmin nan sabo ya cinye miki dunduniya kin cire shi kin riƙe a hannu. Kin ce ga wani tsoho da matarsa a gabanki, tana ɓare masa lemo tana cire zaren nan fari tana ba shi ɗaya-ɗaya, shi kuma ko godiya babu, kamar wasu da kika sani. Kin ce wata rana sai kin kawo mu, Daddy ya hau tasi ni in yi faɗa da masu kasuwa da hannu.

Har yanzu ban yi da-na-sanin yinin nan ba, Aminci. Sauran duk na yi. Amma yinin nan da kika samu, ƙaguwa da ƙosan teku da dattijo mai safar hannu, shi Babanki ya ci ya sha kwanakin nan. Ban san yadda zan gaya miki wannan ba tare da ya zama kamar ina kare kaina ba.

Jumma'a

Ya ce ruwa. Da bakinsa. Ru-wa. Na zubar da rabi a kan bargo.

Na tura miki. Kin gani, ba ki amsa ba.

Asabar, da yamma

Daga bakin Hawawu na ji makaranta sun ba ki hutu, Talata za ki sauka. Daga bakin Hawawu. Kudus zai ɗauko ki daga JFK ya kai ki asibiti kai tsaye. Wai kuma kin ce a unguwar Queens za ki sauka, gidan ƙawarki.

To. Ba komai. Na dai canza zanen gadonki, dama ya yi ƙura.

Lahadi

Ban je sujada ba. Na je kasuwar titi na 116 na sayo busasshen kifi da daddawa. Ba don kowa ba.

Litinin

Kina sama yanzu. Allah ya riƙe fikafikan.

Talata, da yamma

Ban je asibiti yau ba. Na ce bari in ba ku wuri ke da Babanki, kada ki shigo ki gan ni fuskarki ta canza a gabansa. Na aske masa gemu jiya, na kai masa rigar nan mai ruwan toka da kike so.

Kudus ya kira da rana ya ce kun isa. Ya ce da kika shiga Babanki ya yi yunƙurin tashi zaune sai da nas biyu suka tare shi. Na ce ta rame? Ya ce Madam ni ban auna ta ba. Na ce ta tambaye ni? Ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Na share gidan nan har inda ba a gani. Na yi tuwo, na sauke, ya huce. Miyar kukar na sa mata kifin duka. Ba ki ma cin kuka. Ban san me ya sa na yi kuka ba, da taushe na yi. Ina zaune a kujerar Babanki, rana ta faɗa bayan benayen titin Concourse, yara suna ta ƙwallo a ƙasa. In Queens ɗin kika tafi, ki sa rigar sanyi, iskar nan ba irin ta can ba ce. Gobe zan je da safe in tsaya a bakin ɗakin, in kin ce in shigo in shigo. Na shirya abin da zan ce miki, gajere ne, ba zan kawo kawuna ba, ba zan kawo al'ada ba, zan ce kawai

Lif ya tsaya a hawanmu. Hawawu ce ƙila.

Hawawu ba ta jan akwati.

Ana bugawa. Yesu, ko ɗankwali ban